Koriyar jakar da aka ba mu ranar da aka faɗa mana sunan ciwon Auta

Ni tela ne a unguwar Aboabo da ke Kumasi a Gana, shekara 22 ina kan keke, don haka da aka miƙo mini jakar, ɗinkinta na fara dubawa. Koren yadi ne mai arha, zif ɗin na roba, kuma tun a hannu na san ba zai yi wata 3 ba. Bai yi ba kuwa. Amma abin da ke cikinta yau wata 19 ke nan muna amfani da shi a gidanmu, kuma mutane da yawa a masallaci da bakin shago sun tambaye ni ko ta amfane mu. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta sau ɗaya, da abin yabonta da inda ta gaza.

Ba asibiti ne ya yi ta ba. Wasu iyaye ne da 'ya'yansu suka sha wannan jinya suka haɗa kai da wasu nas-nas, suna zuwa ranakun da ake ganin likita su raba ta kyauta ga duk wanda aka tabbatar wa ɗansa na da kansar jini. A ciki akwai ɗan littafi mai shafi 32, rabi Turanci rabi Hausa, da ma'aunin zafin jiki, da kati ɗaya mai kauri da za ka sa a aljihu, da ƙaramin littafin rubuta sakamakon gwaji. Sai kuma lambar waya. In ka aika mata saƙo a WhatsApp, za a turo maka muryoyi 12, kowace ba ta wuce minti 5 ba, da Hausa ko da yaren Tonawa, wato Twi, wanda ka zaɓa.

Autana yana da shekara 6 lokacin. Kusan wata 2 muna zagaye da shi. Zazzaɓi ya zo, a ce maleriya ce, a ba shi magani, ya sauka kwana kaɗan ya dawo. Sau 3 aka yi haka, biyu a wajen wani mai kyamis, ɗaya a wani ƙaramin asibiti. Tafin hannunsa ya yi fari fat, yana kukan ƙafa da dare, kaluluwa ta fito masa a wuya, in ya goge baki sai jini. Da aka tura mu babban asibiti aka ɗebi ɓargo a ƙashin ƙugunsa, likita ya zaunar da mu ya yi bayani sosai, Allah ya saka masa. Sai dai ni kunnena ya toshe daga kalmar farko. Na fito ban riƙe komai ba sai sunan ciwon da Turanci a kan takarda, da haruffa uku, ALL, wato wani nau'in kansar jini.

Abin da masu jakar suka gane ke nan, kuma shi ne babban dalilin da ya sa nake yaba musu. Ranar da aka gaya maka, ba ka ji. Sai dare ya yi, kowa ya kwanta, tambayoyi su taso, kuma babu likita a gabanka. Muryoyin nan suna nan a waya, ka saurara sau goma in ka so.

Murya ta biyu ita ce ta fara buɗe mini kai. Mace ce ke magana, kuma daga jin ta 'yar Zango ce, Hausarmu take yi, wadda 'yan'uwanmu na Kano ke cewa ba ta raba mace da namiji. Ta ce ɓargon da ke cikin ƙashi shi ne shagon da ake ƙera jini. Ma'aikata iri uku ke fitowa daga shagon: jajayen ƙwayoyi masu kai iska ko'ina a jiki, farare masu yaƙi da cuta, da wasu ƙanana masu toshe rauni su tsayar da jini. Ta ce a wannan ciwon, yaran shago ne da ba su gama koyon aiki ba suke ta ƙaruwa, ba a yaye su ba, ba su iya komai ba, amma sun cika benci har gwanaye sun rasa wurin zama. Ina jin haka na ajiye wayar na yi shiru. Ni mai shago ne, na san yadda aiki ke tsayawa in wuri ya cika da hannun da bai ƙware ba. Nan take na gane dalilin farin tafin hannu, da dalilin zazzaɓin da ba ya ƙarewa, da dalilin jinin baki. Abu uku da muke ta nema wa magani uku, ashe tushensu ɗaya.

Na kai wa Mma, mahaifiyata, ta saurara. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a gida irin namu ba uban yaro kaɗai ke yanke shawara ba. Mma ta ji ana cewa ciwon daji, sai ta ɗauki kalmar yadda take, wato abin da ya fito daga daji, iska ko jifa. Dangin ubana kuma suka ce sikila ce, daga wajen uwarsa ta zo. Ba su da laifi sosai, domin sikila muka sani. A ƙasar nan kusan jarirai 2 cikin 100 ake haifa da ita, kuma a nan Kumasi aka fara gwajin jarirai tun 1995, don haka duk ciwon da aka ce na jini ne, can hankali ke tafiya. Maman yara ta sha baƙar magana a satin nan, ba ta ce komai ba, kuka kawai take yi a madafa. Murya ta uku ta faɗa ƙarara: wannan ba sikila ba ce, ba laifin uwa ba ne, ba laifin uba ba ne, ba a ɗaukar ta a kwano ko a tabarma, kuma ba wani abu da aka ci ko aka bari ne ya jawo ta ba. Mma ta sa aka maimaita mata sau biyu. Da gari ya waye ita da kanta ta kira surukarta ta ce, "'Yata, zo ki ci abinci, ki bar kukan nan." Ko da wannan kaɗai jakar ta yi mana, ta biya.

Inda suka fi nuna sun san mu shi ne maganar malamai da masu magani. Na yi zaton za su zage su, kamar yadda wasu masu boko ke yi, kuma da sun yi haka da Mma ta rufe kunnenta har abada. Matar ta fara da hadisin da kowa ya sani, cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Ta ce a yi addu'a, a yi tofi, a yi sadaka, a sa sunan yaro a masallaci, babu wanda ya hana. Sannan ta ce abu biyu ne kawai take roƙo. Kada a yi masa tsaga ko ƙaho ko duk abin da zai fasa fata, domin ƙwayoyin da ke tsayar da jini sun yi ƙasa, ƙaramin yanka na iya zama babban abu, kuma ƙofa ce ga ƙwayar cuta. Na biyu, duk jiƙo ko gari da aka kawo, a kai wa likita ya gani kafin a ba shi, domin hanta da ƙoda suna ɗauke da nauyin kimo, wato maganin kansa, wani ganyen yana ƙara musu kaya. Kawuna ya riga ya yi magana da wanzami a Sawaba. Na kunna masa muryar, ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To, ɗana, a bar maganar wanzamin." Ban yi musu da babba ba, ban kuma sa ɗana a haɗari ba.

Sai katin. A fuska ɗaya an rubuta da manyan baƙaƙe cewa in zafin jikinsa ya kai 38, a taho asibiti nan take, ko da wane lokaci ne, kada a jira safiya, kada a ba shi farasitamol kafin a auna. A ɗaya fuskar akwai sunan ciwon, da magungunan da yake sha, da saƙo zuwa ga duk ma'aikacin lafiyar da ya karɓe shi cewa wannan yaro yana kan kimo. A wata na biyu, wajen ƙarfe 2 na dare, Maman yara ta tashe ni, jikinsa rau. Na auna, 38.6. Mma ta fito ta ce a shafa masa ruwa a ba shi magani, da asuba sai a tafi, dare ya yi, hanya ba ta da kyau. A da haka za mu yi, haka muka yi wa yayyensa duka. Na nuna mata katin, na tuna mata murya ta biyar, wadda ta ce fararen ƙwayoyinsa sun yi ƙasa ƙwarai, abin da wani yaro zai kwana da shi ya tashi lafiya, shi cikin sa'o'i kaɗan zai iya kayar da shi. Na buga wa maƙwabcinmu mai tasi ƙofa. Muna isa na miƙa katin, nas ta duba, ba a bar mu a layi ba. Kafin a kira sallar asuba an sa masa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya. Kwana 6 muka yi. Da likita ya ga sakamakon jinin da safe, ya ce mun yi daidai da muka zo a daren.

Ƙaramin littafin gwaji ma ya yi amfani, ko da yake sai da Sista, nas ɗin asibitin, ta zauna da ni ta nuna mini inda zan duba. Yanzu na san fararen ƙwayoyi a mai lafiya suna tsakanin 4,000 da 11,000, masu tsayar da jini kuma daga 150,000 zuwa sama. In na ga lambar Auta ta faɗi, na san satin nan ba makaranta, ba gidan biki, ba wasa da yaron da ke tari. In aka ce ƙyanda ko ƙarambau ta shigo gida, a ranar zan kira asibiti.

Akwai murya ɗaya da nake so kowane uba ya ji, ta takwas. Bayan watan farko na magani mai ƙarfi, Auta ya murmure. Kumatunsa suka cika saboda ƙwayar da ke sa shi cin abinci kamar ba gobe, ya tashi yana gudu a tsakar gida, gwajin ɓargo ya nuna ba a ganin ciwon. Kowa ya ce alhamdu lillahi, ya warke, a daina wahalar da yaro da allurar baya. Ni kaina zuciyata ta so haka, domin shago ya yi wata guda a rufe. Muryar ta ce wannan shi ne wurin da aka fi rasa yara. Abin da ido da na'ura ba su gani ba yana nan a ɓoye, har a ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa, inda maganin da aka sa a jini ba ya isa sosai, shi ya sa ake yin allurar baya. Jinyar irin wannan ciwo shekara 2 zuwa 3 ce, in aka tsaya a tsakiya ya dawo, dawowarsa ta fi zuwansa na farko wuyar magani. Ta kawo alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya, cewa a ƙasashe masu arziki fiye da yara 80 cikin 100 masu kansa suna warkewa, a ƙasashe da yawa irin namu kuwa ba su kai 30 ba, kuma cikin dalilan akwai zuwa a makare da barin magani a hanya. Wanda ya yi wannan muryar namiji ne, uba, ya ce shi ma ya kusa tsayawa. Na yarda da shi saboda yadda muryarsa ta yi rawa a wurin.

Yanzu littafin. A nan ne raina ya ɓaci, kuma zan faɗa domin ina so a gyara.

Hausar littafin ba ta muryoyin ba ce. Daga gani an rubuta da Turanci ne aka ba wani ya juya kalma bayan kalma. Wannan da sauƙi, da a ce wahalar karatu ce kawai. Amma a shafi na 9 an rubuta cewa maganin yana karya garkuwar jiki. Duk mai jin Hausa ya san wace cuta ake kira mai karya garkuwar jiki. Wata maƙwabciyarmu ta ɗauki littafin a kan tabarma ta karanta wannan layin, kafin sati ya zagayo magana ta bazu a layinmu cewa ƙanjamau ke damun yaron. Mata biyu suka hana 'ya'yansu shiga ɗakinmu. Sai da na bi gida gida da wayata ina kunna musu murya ta uku. A muryoyin an ce sojojin jiki ne suka ragu na ɗan lokaci, kuma kowa ya gane. Me ya hana a sa haka a littafin? Da an ba mutum ɗaya daga Zango ya karanta kafin a buga, da ya tsayar da su a wannan layin.

Shafin abinci kuma ba don mu aka yi shi ba. Hoton tufa ne da cuku irin na Turawa da wani koren ganye da ban taɓa gani a kasuwar Kejetia ba. Tambayoyin Maman yara daban ne. Kokon da ake saye a bakin titi da safe, a ba shi ko a dama a gida? Wake da shinkafa na mai talla, wanda ya daɗe a buɗe da salak a kai fa? Fura da nonon da ba a dafa ba? Wagashi? Tuwon zafi da miyar ayoyo da ya kwana? Babu amsa ko ɗaya a littafin. Sista ce ta gaya mana a tsaye a baranda: abin da aka dafa yanzu, yana da zafi, a ci, ɗanyen ganye da ɗanyen nono a bari, 'ya'yan itace a zaɓi masu ɓawo kamar ayaba da lemo, a wanke, a ɓare da hannu mai tsabta, ruwa a tafasa. Magana ce ta minti biyu, shafi ɗaya zai ɗauke ta.

Babu ajami ko layi ɗaya. Mma ba ta karanta boko, amma in ka ba ta ajami za ta karanta maka tiryan-tiryan, haka tsofaffi da yawa a Asawase da Aboabo. Su ne kuma masu zama da yaro in uwa ta tafi kasuwa.

Maganar kuɗi an taɓa ta sama-sama. Gaskiya ne abin da suka rubuta, cewa a ƙarshen 2021 aka sanar da sa kansar yara iri 4 a cikin inshorar lafiya ta ƙasa: irin ta Auta, da ta Burkitt mai kumbura muƙamuƙi ko ciki, da ta ido, da ta ƙoda. Wannan rahama ce, kuma duk wanda katin ɗansa ya mutu ya je ya sabunta yau. Sai dai inshora ba ta biyan kuɗin mota, ba ta biyan abincin mai jinya, ba ta biyan kwanakin da keke ya yi shiru. Mu muna cikin gari, mota ɗaya ko biyu ta kai mu. Manyan cibiyoyin da suka daɗe suna wannan aiki a Gana su ne Korle Bu a Ankara da Komfo Anokye a nan, don haka za ka tarar da uwa ta taso tun daga Boku ko Wa, ba ta san kowa ba a Kumasi. Irin wannan uwar tana bukatar a gaya mata tun ranar farko sau nawa za ta dawo, ta shirya, ta sanar da dangi, a fara tara gudummawa. Littafin bai ce mata komai ba. Abin da suka yi daidai a nan shi ne muryar ba da jini. Samarinmu suna tsoro, wai yana rage ƙarfin namiji. Muryar ta ce abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, cikin kusan lita 5 da ke jikin babba, kuma duk mai lafiya daga shekara 17 zuwa 60 da ya kai kilo 50 zai iya bayarwa. Na tura ta ga yaran shagona da abokansu na ƙwallo, mutum 7 suka je.

Manya ma an bar su. Jakar ta yara ce, na sani, amma kansar jini ba yara kaɗai take kamawa ba. Wani direba abokin yayana yana da irin wadda ke tafiya a hankali, wadda ake riƙe ta da ƙwaya ɗaya kullum mai suna imatinib, maganin da ya fito tun 2001 ya canza rayuwar masu irin ciwonsa. Da ya ji sauƙi sai ya fara tsallake kwanaki, domin babu wanda ya gaya masa da harshensa abin da murya ta takwas ta gaya mini. Ya roƙe ni in tura masa muryoyin. Na tura, amma rabinsu ba su shafe shi ba.

Abu na ƙarshe ya fi mini nauyi. Yaron da ke gadon kusa da na Auta, sa'ansa, wanda suke raba biskit, ya rasu a wata na biyar. Allah ya jiƙansa, ya ba iyayensa haƙuri. Auta ya tambaye ni, "Baba, ni ma zan tafi inda ya tafi?" Na duba muryoyi 12 ɗin nan a raina, babu wadda ta shirya ni. Babu kalma a kan ciwon in ya dawo, babu a kan yadda za a rage wa yaro zafi in magani ya ƙi, babu a kan yayyensa da suka ga an juya musu baya shekara guda. Na fahimci suna gudun karya wa mutane zuciya. Amma mu mutane ne da ke wanke mamatanmu da hannunmu, ba ma gudun ambaton mutuwa. Na rungume shi na ce rai na hannun Allah, nasa da nawa, kuma likita ya ce jikinsa yana karɓar magani. Ina so murya ta 13 ta kasance a kan wannan, kuma uwa ko uban da ya rasa ne zai yi ta.

In an ba ka jakar, karɓa. Ka fara da muryoyin, ka kunna wa duk wanda ke da baki a gidanku, tun daga kaka. Katin kada ya bar aljihunka. Littafin ka ajiye shi inda baƙo ba zai ɗauka ba har sai an gyara shafi na 9. Na gaya wa masu jakar duk abin da na rubuta nan baki da baki, sun saurara, matar da na ji a muryoyin ma ta rubuta a takarda, ta ce kuɗin sake bugawa ne ba su da shi tukuna.

Auta yanzu yana matakin ƙarshe mai tsawo, ƙwaya kullum da dare, wata kuma sau ɗaya a mako, asibiti sau ɗaya a wata. Gashinsa ya fito, ya koma makarantar allo. Ni kuma na tara ragowar yadin sallah na ɗinka musu jaka 30 da zif na ƙarfe, na ƙara aljihu a gaba daidai girman katin. Limaminmu ya karɓi aikin mayar da muryoyin zuwa ajami, muna zama bayan isha'i, ina kunnawa yana rubutawa. Mun gama ta biyu da ta uku da ta biyar, ranar Laraba za mu shiga ta takwas.